Ɗaya Cikin Huɗu

Yawancinku kun taso kun tarar ana kirana Goggo Lissafi a cikin dangi, kuma na san labarin da aka ba ku na asalin sunan. An ce muku na tsaya kai da fata na ƙi auren Abba da Zainabu saboda wani lissafin allo, aka yi bikin ban je ba, daga baya Allah Ya kunyata ni. Na ƙi auren, gaskiya ne. Ban je bikin ba, shi ma gaskiya ne. Sauran maganar ce nake so in rubuta tun idona yana ganin layi, domin na gaji da maimaita ta da baki ga mutanen da jira kawai suke in yi shiru su ci gaba da dariya.

A shekarar da abin ya faru ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, muna zaune a gidanmu na Jekadafari da maigidana, Malam Sale. Yayana, Hamma Usmanu, yana unguwar Madaki tare da mahaifiyarmu, Dada, yana sayar da atamfa a kasuwa. Abba shi ne ɗan farina, Zainabu kuma 'yar Hamma ce, rabin ƙuruciyarta a ɗakina ta yi shi. Ni na koya mata kitso, ni na koya mata raba lamba. Ranar da Abba ya aiko ƙanwarsa ta gaya mini abin da ke ransa, ba wanda ya kai ni murna a duk dangin, har na fara tara kayan lefe a ƙarƙashin gado tun kafin iyaye maza su zauna. Ni ce kuma na ce a je a yi gwajin jini, don ina da dalili. Muna da ƙanwa, Dije, wadda ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya. Duk damina sai ƙasusuwanta su kama, ta yi ta kuka tana cewa a taka mata ƙafafu, ni nake taka mata. A lokacin ba wanda ya san sunan ciwon a gidanmu. Sai da na girma na gane sikila ce.

Sakamakon ya fito, Abba AS, Zainabu AS. Ga wanda bai sani ba a cikinku, kowane mutum yana ɗauke da haruffa biyu a jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya zo haihuwa yana iya ba ɗansa A, yana iya ba shi S, ba shi da zaɓi a ciki. In uwa ta ba da S, uba ma ya ba da S, yaron ya zo da sikila. Hanyoyi huɗu ne haruffan za su iya haɗuwa, ɗaya daga cikinsu ita ce wannan. Abin da na ɗauka na kai Madaki ke nan wata Juma'a bayan la'asar, ina zaton magana ce ta minti goma. Wata biyar muka yi muna yin ta.

Hamma ya karɓi takardun ya juya su, ya ce,

“Injin nan ai mutum ne ya ƙera shi. Yana kuskure.”

Na ce wannan magana ce mai ma'ana, a sake. Aka sake a wani wuri, aka kuma sakewa a wuri na uku, hannu daban, rana daban, amsa ɗaya. Na ce masa inji ɗaya yana iya kuskure, amma a ce uku sun yi kuskure iri ɗaya a kan mutum biyu, wannan sai dai in muna neman abin da za mu rataya a kai. Bai ce na yi gaskiya ba. Hamma bai taɓa cewa hujjarsa ta faɗi ba tunda na san shi. Yakan ajiye ta a hankali kamar wanda ya ajiye takalmi a bakin ƙofa, ya ɗauko wata.

Wadda ya ɗauko ita ce ta wani tela a Tudun Wada da yake kai wa ɗinki. Shi da matarsa duk AS ne, in ji Hamma, 'ya'yansu biyar, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai. Telan nan na ji labarinsa ya fi sau talatin a watannin nan. Matan gidan suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har wata da ta zo sayar da daddawa sai da ta tsaya ta ba ni labarin tela da 'ya'yansa biyar.

Akwai abin da nake koya wa ɗalibaina duk shekara idan muka zo babin lissafin yiwuwar abu. Nakan ce musu, in an kawo muku hujja don a rushe maganarku, ku yi mata tambaya ɗaya: da maganata gaskiya ce, za a iya ganin wannan abin? In za a gan shi ko da maganarku gaskiya ce, to hujjar ba ta da nauyi, komai yawan bakunan da suka maimaita ta. Haka na yi wa telan. Ban ce ƙarya ake yi masa ba. Na ce kowane ciki yana da uku cikin huɗu na tsira, in ka bi lissafin har ciki biyar, za ka tarar a cikin gidaje ashirin irin nasa, wajen biyar za su haifi biyar lafiya lau. Ke nan samun tela ɗaya bai rushe komai ba, da ba a same shi ba ne ma zan yi mamaki.

“To sauran gidaje goma sha biyar ɗin suna ina?” in ji Hamma. “Ni ban gan su ba.”

“Suna asibiti, Hamma. Ba su da lokacin zama a bakin shago suna ba da labari.”

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, na ɗauka ta shiga. Can ya ɗago ya ce,

“Ke yanzu kin san abin da ke cikin cikin da ba a ma ɗauka ba?”

“Ban sani ba. Da na sani ai ba lissafi zan yi ba, faɗa zan yi kai tsaye.”

“To kina ja da ƙaddara ke nan.”

Wannan kalma ita ce ta fi ɓata mini rai a duk shekarar, domin da zarar an faɗe ta sai kowa ya gyara zama yana kallona kamar na bar salla. Na ce masa shi da kansa in hadari ya haɗo daga gabas yakan kwashe atamfofinsa daga bakin shago, alhali bai san za a yi ruwan ba, wata rana ma hadarin ya watse ba ɗigo ɗaya. Ban taɓa jin an ce ya ja da ƙaddara ba. Ya ce atamfa daban, mutum daban. Na ce shi ya sa nake magana.

Na Hamma da sauƙi, shi bai zauna a ajina ba. Wanda ya kusa sa ni hawan jini Abba ne, yaron da na zaunar a tabarma na koya wa lissafi da hannuna, wanda ya je jami'a ya karanto aikin injiniya. Ya same ni a tsakar gida ina tsince wake, ya tsuguna, ya ce,

“Umma, na yi tunani. Tunda ɗaya cikin huɗu ne, sai mu haifi uku mu tsaya.”

Na ɗebo farin wake uku da ja ɗaya na zuba a kwanon sha, na ce ya rufe ido ya ɗauka. Ya ɗauko fari. Na ce ya mayar, na girgiza kwanon, ya sake. A ɗauka ta biyu jan ya zo hannunsa. Na ce masa ciki ba ya tuna cikin da ya gabace shi, ba layi ake bi ba balle a ce na huɗu ne mai ciwon. Yana iya zama na fari, yana iya zama biyu a jere. Na ce in suka haifi huɗu, yiwuwar a samu ko da ɗaya mai sikila ta kai wajen biyu cikin uku.

“Ke nan akwai ɗaya cikin uku na mu tsira gaba ɗaya,” in ji shi.

“Akwai.”

“To ni na ɗauka, Umma.”

“Ba kai za ka ɗauka ba. Kai lafiyarka ƙalau. Yaron da bai zo ba ne zai ɗauka, kuma ba a tambaye shi ba.”

Ya tashi ya kakkaɓe gwiwar wandonsa ya fita. Malam Sale kuwa, Allah Ya jiƙansa, mutum ne da yake tare da duk wanda ya yi magana a ƙarshe. In na zauna da shi sai ya ce wallahi maganata babu ƙarya a ciki. In ya je Madaki ya dawo sai ya ce ai zumunci ma abin dubawa ne. Na taɓa tambayarsa shi ina ya tsaya, ya ce shi dai yana fatan alheri. Na ce duk muna fatan alheri, ba abin da na tambaye shi ke nan ba.

Hujja ɗaya ce a duk watannin nan na kasa aunawa, kuma ba zan ɓoye muku ita ba. Dada ba ta taɓa sa baki ba, tana zaune a kan buzunta tana jin mu. Wata safiya na kai mata kunun gyaɗa, mu biyu ne a ɗakin, ta ce,

“Hauwa, ke kika fi kowa kula da Dije.”

Na ce haka ne.

“Da an zo an yi mini wannan lissafin naki kafin in haife ta, da ba ta zo ba ke nan?”

Na tuna Dije tana kwaikwayon tafiyar Hamma muna dariya har muna riƙe ciki, na kuma tuna ta tana cizon zanen gado. Na ce wa Dada ban san amsar wannan ba, abin da na sani shi ne ita ba ta sani ba lokacin, mu kuma yanzu mun sani. Ta ce in sha kunun tare da ita. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma har yau ban gama da ita ba.

Aka sa rana bayan ƙaramar salla. Na fito da kayan lefen da na tara na aika wa ƙanwar Malam Sale ta ƙarasa haɗawa, na ce ni hannuna ba ya ciki. Ranar ɗaurin aure ina zaune a falo da takardun jarrabawar 'yan aji biyar, ina jin motoci suna wucewa suna hon, na yi makin takarda ɗaya sau uku. A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban Hamma ba. Lissafi ya ce auren yana da haɗari, bai ce kada uwa ta je bikin ɗanta ba. Wannan zuciyata ce, nawa ne ni kaɗai, kuma na biya. Hamma ya shekara shida bai tako gidana ba. Dada ta rasu a shekara ta biyu, muka zauna zaman makoki a gida ɗaya, ya zo ya yi mini ta'aziyya a tsaye kamar yadda ake yi wa maƙwabciya. Abba ya kama haya a Tudun Wada, yakan zo gaisuwa ranar Juma'a, ya zauna a bakin kujera, ya tashi kafin shayi ya huce.

Sai haihuwa ta fara. Ta fari mace, lafiya lau. Na je suna, na ɗauki jaririyar, na yi hamdala a zuciyata fiye da duk wanda ke ɗakin, domin ni na san abin da aka tsallake. Ina riƙe da ita wata daga cikin matan ta ce, “Malama, ga ta ɗaya, a rubuta a allo.” Aka yi dariya. Na biyu namiji, aka ce in rubuta. Na uku ma haka. Ranar sunan na huɗu mun riga mun shirya da Hamma, ya leƙo ɓangaren mata da kansa, fuskarsa cike da fara'a, ya ce,

“Malama, huɗu ke nan cif. Ina jan waken naki?”

Na ce masa tun kafin auren na faɗa wa Abba a tsakar gidana cewa akwai ɗaya cikin uku na su haifi huɗu lafiya, ga shi nan a tsaye, a tambaye shi. Abin da ke da ɗaya cikin uku yana faruwa kullum a duniya. Wanda ya tsallake titi ido rufe ya kai ɗaya gefen da ransa, sai a gode wa Allah, amma ba a cewa ya iya tsallaka titi. Ban kai ƙarshen maganar ba aka kwashe da dariya, wata ta ce Goggo Lissafi dai ba ta saduda. Me ake so in saduda a kai? Jikokina ne. Kowace safiya ina roƙon Allah Ya ƙara musu lafiya. An mai da ni kamar wadda ta yi caca a kan ciwonsu ta faɗi, alhali ba abin da na fi so a rayuwata kamar abin da ya faru.

Da a kaina dariyar ta tsaya, da ban ɓata takarda ba. Abin da ya hana ni haƙura shi ne gidan Abba ya zama sabon tela. A wani biki na ji da kunnena wata mata tana gaya wa ƙawarta kada ta damu da takardar asibiti, ai ga ɗan Malama Hauwa, an ce kada a yi, an yi, ga yara huɗu ras. Washegari na sa hijabi na tafi gidan matar da ake ba shawara, ba wanda ya gayyace ni. Na zauna na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurare ni da ladabi, ta ba ni ruwa, ta rako ni har ƙofa tana cewa, “Amma dai naku sun tsira ko, Malama?” Aka yi auren. Ba zan faɗi gidan ba. Ɗansu na biyu yanzu yana da shekara bakwai, ma'aikatan ɗakin yara a asibiti sun san shi da suna. Ban taɓa jin an kawo shi misali a wajen biki ba.

Bara, da hantsi, Zainabu ta zo gidana ita kaɗai. Ta tarar ina tsige zogale, ta ja kujera 'yar tsugunno ta sa hannu. Muka yi ta aiki, har ta ce babbar 'yarta, Amina, ta samu manemi, iyayensa suna so su turo.

“Amina AS ce, Goggo. Ita da autan. Sauran biyun AA.”

Na tambaye ta yaushe aka gwada su.

“Kowannensu tun yana goye. Ni na kai su, ba wanda ya sani, har babansu. Duk cikin da na ɗauka ba na iya cin abinci sosai, ana cewa laulayi ne. In na haihu ana ta buɗa, ni ina kallon hannayen jaririn ko sun kumbura. Ranar karɓar sakamakon autan na daɗe zaune a kan dakalin asibiti kafin in shiga. Da na ga ya tsira na ce wa Abba na gama, ko zai ƙara aure ya ƙara, ni ba zan sake ba.”

Na ajiye zogalen.

“Shekara ashirin ana yi mini dariya, Zainabu, kina zaune a wurin.”

“Goggo, in na buɗe baki mijina da mahaifina zan ƙaryata a gaban mutane. Ke kuma na ga kina iya ɗauka.”

Har yau ban san ko yabo ne wannan ba. Ta ce abin da ya kawo ta shi ne Abba da Hamma sun fara cewa ba sai an wahalar da yaron mutane da gwaji ba, tunda gida ya ga alheri. Tana so ni in tsaya, wannan karon kuma za ta tsaya a bayana da bakinta. Na ce ta aika wa yaron ya zo ranar Asabar, kuma takarda nake so, ba na son “an taɓa gwada ni a makaranta.”

Ya zo ranar Asabar da hantsi, dogo, mai kunya, ya cire takalmi tun daga zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo takardar da hannu biyu. Zainabu tana tsaye a bayan labulen ɗakina, ina ganin yatsun ƙafarta. Na sa tabarau, na duba sunan, na duba hatimin, na karanta haruffan sau biyu. Na ce, yadda na ciki zai ji,

“AA ne. A kawo wa baƙo ruwa.”

Ruwan bai zo da wuri ba. Na ji Zainabu ta sulale ta zauna a ƙasa a bayan labulen, sai da na tashi na ɗebo masa da kaina.